Waɗanda Ba Su Sa Hannu Ba

Ƙarfe ɗaya na dare a Maamobi.
Mai tsiren bakin kwata ya yayyafa wa garwashi ruwa,
tirotiro na ƙarshe ya juye fasinja ya tafi,
ni kuwa yanzu hantsi ya dubi ludayina
a cikin gilashin kwamfuta.

Aikina ƙirga ne.
Wani kamfani can ƙetaren teku
ya aiko mini sunaye talatin da ɗaya:
samarin besbol da manyan ƙungiyoyi suka zaɓa,
aka miƙa musu biro, suka ce a dakata,
suka rataya jaka suka nufi jami'a.
Ni ne mai bin sawu.
Jifa nawa, duka nawa, kuskure nawa,
ranar Juma'a sidi ya faɗo a waya.

Da na gaya wa Baba Mutawakilu
sai ya ajiye kofin kokonsa.
"Kuɗi a tafin hannu, yaro ya ce a'a?
Ai ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."
Na ce, Baba, su kazar suke so.
Ya ce, "To, Allah ya tsare ta daga shaho."

Na bakwai a jerina yana hawa
kamar farashin shinkafa a kasuwar Nima.
Duk daren da ya ɗaga gora
sai na ji ƙarar a haƙorina.
Na goma sha uku yana dumama benci
tun kafin azumi, yana tauna cingam,
idonsa a kan koci kamar mai bin bashi.
Na ashirin da biyu ya ɓace daga fili.
Na tona, na tona, na same shi:
ya koma karatun haɗa magani,
ya yi kumatu, yana dariya cikin farar riga.
Ban san gurbin da ake rubuta dariya ba.

Shaho ya zo a watan huɗu.
Na goma sha tara, bahago,
siriri kamar sandar rake,
wanda ya ƙi kuɗin da za su sayi layinmu
har da masallaci da famfo,
ya jefa ƙwallo, ya dafe gwiwar hannu,
ya tsuguna kamar mai neman allura a yashi.
Na mayar da hoton baya sau shida,
ko a na bakwai zai miƙe.
Na sa sifili. Na tashi na yi alwala.

Ba su san da ni ba.
Ba su san akwai wani ƙarƙashin kwanon da ke yoyo
da ya haddace yadda kowannensu ke gyara hula ba.

Ni ma an taɓa miƙa mini biro.
Filin Kawukudi, ƙwallon ƙafa, bayan la'asar,
wani mai baƙin tabarau da takarda shafi uku.
Inna Zuwera ta share hannu da zane ta ce,
"Gama makaranta tukuna."
Mutumin ya ce zai dawo bayan damina.
Bana damina ta goma sha ɗaya.
Ban riƙe ta a zuci ba, wallahi,
sai dai babu wanda ya buɗe mini shafi
ya rubuta abin da ƙafata ta yi bayan nan.

Jiya saƙo ya zo daga kamfani:
a cire na sha tara, ya fita lissafi.
Na cire.
Amma akwai tsohon littafin bashin Inna,
mai warin ƙosai, da sauran shafi a baya.
Nan na mayar da shi.
An yi aikin hannun ranar Talata.
Sati shida, ya fara matsa ƙwallon roba.
Wata huɗu, jifa daga taku goma.

Wuta ta ɗauke. Ladan yana gyara murya.
Na haska littafin da waya,
na ja layi da bakin katin waya,
na bar gurbin gobe a buɗe.